Ƙafar Baba da Binciken Likitoci

Babanmu shi ne mai binciken aure a danginmu kaf. Daga Kibiya har Madachi, duk wanda aka zo neman 'yarsa a zuri'ar kakanmu, ba ya cewa e ko a'a sai ya aiko wa Baba. Shi kuma sai ya kafa hula, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya ɓace kwana biyu ko uku. In ya dawo ya ce "a ba shi," magana ta ƙare. In ya ce "a dakata," to saurayi ya nemi wani gidan.

Yana da tsarinsa, kuma ban taɓa ganin ya sauya shi ba. Ba ya tambayar dangin yaro, ya ce dangi ba sa ganin laifin nasu. Ba ya tambayar limamin unguwa, ya ce shi liman kowa mutumin kirki ne a wurinsa. Mai shayi yake nema, da mai wanki da guga, da maƙwabcin bayan gida wanda yake jin abin da ake faɗa bayan an rufe ƙofa. Tambayoyinsa uku ne: wane ne ubansa, yaya yake da uwarsa, me yake yi in ransa ya ɓaci. Mu biyar ne mata a gidanmu, duk ta wannan hanyar ya aurar da mu, kuma tsakani da Allah har yau babu wadda ta taɓa yin yaji a cikinmu. Ni ce babba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kira na Uwata. A Rano nake aure, ina koyarwa a wata firamare.

Wata damina, ana tsakiyar noma, fartanya ta sare shi a babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Saran bai ma kai a kira shi sara ba. Ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa kunyarsa, da yamma ya je wurin mai kemis ɗin ƙauyenmu, mutumin da Baba yake ganin babu kamarsa a duk faɗin ƙasar Kano. Mai kemis ɗin nan allura yake yi, ya cire haƙori, ya ɗiga maganin ido, ya ɗaura ruwa, in tunkiyarka ta ƙi cin dusa ma ka kai masa. Ban taɓa jin ya ce wa wani "wannan ba fannina ba ne" ba. Ya wanke yatsan, ya barbaɗa masa garin kafso, ya ce kwana uku ya warke.

Bayan sati biyu Umma ta kira ni a waya, ta ce in zo in gani da idona, ita ta gaji da magana. Tun daga zaure wari ya tare ni. Yatsan ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, Baba kuwa yana kishingiɗe yana sauraron rediyo, yana gaya mini ai ko zafi ba ya ji, alamar sauƙi ke nan. Ban ja gaisuwa ba. Na sa aka kira mai adaidaita, muka ɗora shi sai asibitin Rano.

Likitan da ya duba shi ya sa aka auna jininsa. Ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, shi ya hana ciwon warkewa, shi kuma ya hana shi jin zafin. Ya ce yatsan ya riga ya mutu, in ba a cire shi da wuri ba ruɓar za ta hau ƙafa. Ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a Kano, ya dube ni ya ce, "Malama, kada ku bari satin nan ya wuce."

Washegari da sassafe muka shiga motar Kano, ni da shi. A can ne Baba ya ga abin da bai taɓa zato ba. Likitan farko na suga ne. Ya rubuta allurar da za a riƙa yi masa kullum, ya leƙa ƙafar, ya ce wannan aikin likitan ƙashi ne. Likitan ƙashi, wani siriri mai gilashi, ya duba ya ce zai cire yatsan ranar Alhamis, amma sai likitan zuciya ya saurari ƙirjinsa tukuna, sannan mu ga likitan da ke sa barci kafin aiki. Baba ya yi kuskuren cewa idonsa ma yana gani dishi-dishi, nan take aka ƙara mana takardar likitan ido. Kafin la'asar takardu biyar ne a hannuna, kowacce da ƙofarta.

Muna zaune a benci sai ya jawo bakin mayafina.

"Uwata, wai watanda aka yi da ni ne? Wannan ya ɗauki zuciya, wannan ido, wancan ƙafa. Wa ya samu kai?"

Na ce masa akwai likitan kai ma, amma ba a tura mu can ba. Na haɗiye sauran maganar da ta zo mini baki.

"Wancan mai sa barcin fa, bayan ya sa barcin sai me?"

"Shi ke nan aikinsa, Baba. Ya sa ka barci, ya zauna yana lura da kai har ka farka."

"Gwamnati ta ɗauki mutum guda don wannan? Ai Baffanku in ya fara ba da labari a kyauta yake yi."

Daga nan ya yanke hukunci cewa duk mutanen gidan nan ba su gama karatu ba. Mai kemis ɗinmu ya san jiki tun daga gashin kai har farce, su kuwa kowa ya iya gaɓa ɗaya ya gudo. Na zauna na yi masa bayani a hankali, irin wanda nake yi wa 'yan aji uku. Na ce kowannensu sai da ya karanta jikin mutum gaba ɗaya, sannan ya ƙara wasu shekaru a kan wuri ɗaya. Baba ya gyaɗa kai ya ce ya gane: wato mutum ya san komai, sai ya zauna shekaru yana mantawa har ya rage masa ƙafa kaɗai. Na sake dabara, na tambaye shi in rabon gado ya taso wane malami ake kira, in kuma tafsirin azumi ne wa ake kira. Ya san ba mutum ɗaya ba ne, kuma bai taɓa cewa ɗayansu jahili ne ba.

"To, na yarda," ya ce. "A cire yatsan. Amma sai an yi bincike."

"Binciken me kuma? An ɗebi jini, an ɗauki hoto."

"Binciken shi mai cirewar. Ɗan gidan wa ne? Ke kin sani?"

Na ce ga takardun shaidarsa can a bango, na karanta da idona, hukuma ta ba shi lasisi. Ya ce takarda ba ta nuna hali.

"Uwata, in 'yata zan ba mutum sai na yi bincike, balle ƙafata. Ku biyar ne. Ƙafa kuwa biyu ce."

Wallahi har wata mata da ke gefenmu sai da ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na yi magiya, na yi fushi, na kira mijina a waya na ba shi, Baba ya gaishe shi da kyau ya miƙo mini wayar. Likitan ƙashin da kansa ya fito ya gaya masa cewa wannan ciwon ba ya jira. Baba ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya ce zai ji daga gare mu. Suka sa shi ya dangwala hannu a takarda cewa shi ya zaɓi tafiya, muka kamo hanyar gida da ledar magunguna.

Tunda shi ba ya iya hawa babur, sai ya wakilta Baffa. Baffa ƙaninsa ne, shekara da shekaru yana raka shi bincike, amma aikinsa bai wuce gadin babur a bakin teburin mai shayi ba. Mutum ne mai sanyi, in ya fara gaishe ka gara ka nemi wurin zama. Ganin yau an ba shi aikin shi kaɗai, ya ɗauki abin da girma, har da fito da babbar rigar Sallah. Ya je ya tsaya a ƙofar asibitin, ya ɗauki shatar adaidaita, ya ce wa direban su bi motar likita. Ranar farko wata motar daban suka bi har ƙofar wani gidan biki, aka ba shi shinkafa ya ci. Sai a rana ta biyu ya gano gidan.

A kwanakin nan wani ma'aikacin lafiya daga Kibiya yake zuwa kullum ya yi wa Baba allura ya wanke ciwon. Shi ne ya ɗauki biro ya zana layi a fatar ƙafar, daidai inda baƙin ya tsaya. Ya ce mini in riƙa duba layin nan, in baƙin ya tsallake shi to abu na ci gaba. Ranar da Baffa ya dawo, wato kwana biyar da tafiyarsa, an riga an zana layi na biyu a saman na farko.

A zaure aka karɓi rahoto. Baba ya ɗora ƙafar a kan kujera 'yar tsugunno, ni ina bakin ƙofa. Baffa ya fara daga yadda ya samu mota a Rano, da wanda ya zauna kusa da shi, da yadda shuka ta yi kyau a wajen Bunkure. Sai da na yi gyaran murya sau uku ya iso Kano. Ya ce uban likitan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin kirki, ya rasu. Uwarsa tana gidansa, mai wanki ya tabbatar kayanta ake fara bayarwa kafin na kowa. In ransa ya ɓaci kuma, in ji mai shayi, ba ya zagi, fitowa yake ya kama wanke motarsa ko da yanzu aka wanke ta. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata, har na fara lissafin wace mota za mu kama gobe.

"Sai dai abu ɗaya, Yaya," in ji Baffa. "Na gan shi yana sa hannu a wata takarda a ƙofar gida. Bahago ne."

Baba ya sauke rediyonsa ƙasa a hankali. Ya ce almakashi da wuƙa duk don hannun dama aka ƙera su. Ya tambayi Baffa ko tunda yake ya taɓa ganin an ba bahago yankan ragon suna. Baffa ya yi dogon tunani ya ce bai taɓa ba.

"Baba, kai ba ragon suna ba ne," na ce.

"Shi ya sa ma, Uwata. Rago in an ɓata yankansa a kamo wani."

Na koma Rano ina huci. Amma zan faɗi abin da ban cika faɗa wa mutane ba. Can ƙasan zuciyata akwai wani gefe da yake cewa, to wa ya sani? Mutumin nan bai taɓa yin kuskuren miji ba. Ni da na yi karatu, na kwana ina tunanin almakashi a hannun hagu.

Na shiga nawa binciken. Ina da ƙawa nas, ita ta nuna mini yadda ake yi. Ta ce kada in ruɗu da girman allon asibiti ko tsadar mota. In tambayi ko likitan ya yi karatun ƙwarewa a fannin, shekara nawa yana irin wannan aikin, sannan in tambayi nas-nas na ɗakin da yake kwantar da marasa lafiyarsa, don su suka san wanda mutanensa ke komawa gida da ƙafarsu. Na kai wa Baba wannan, na ce nas-nas su ne masu shayin likitoci. Maganar ta burge shi, har ya ce ashe ina ɗaukar darasi. Sai kuma ya ce amma a ƙarƙashinsa suke cin abinci, don haka dangi ne, ba a tambayarsu. Ya ƙara da sharaɗi cewa wannan karon a samo mai furfura.

Na samo mai furfura. Sati guda na yi ina kiran waya kafin a ba mu rana a wurinsa, a wani asibitin daban. Baffa ya sake saka babbar riga. Da ya dawo, layin biro ya kai tsakiyar ƙafa, wasu yatsun biyu sun fara bin ɗan'uwansu. Rahoto ya yi kyau ta ko'ina, da hannun dama yake komai, Baffa ya tsaya ya ga yana cin tsire don ya tabbatar. Amma ubansa mahauci ne, kakansa ma haka.

"Ni kuwa, Yaya, gani nake riba ce," in ji Baffa. "Yaron da ya tashi yana ganin gaɓa tun yana goye, ai ya san inda ƙashi ya haɗu da ƙashi."

"Ya sani. Amma gaya mini, duk shekarun da uban nan nasa ya yi yana yanka, ko akuya ɗaya ta taɓa tashi ta koma gida?"

Aka kafa muhawara tun bayan azahar. Masu zuwa dubiya suka rabu biyu, wasu na bayan Baffa, wasu na bayan Baba, kowa ya toshe hanci da gefen rawani ko hannun riga yana kawo hujja. Wani maƙwabcinmu Bafulatani, dattijo mai shanu, ya ce shi in saniyarsa ta yi ciwon kofato ba ya tambayar asalin malamin dabbobi. Baba ya ce ai shi ya sa saniya take saniya. Aka bushe da dariya. Ni kuwa a nan na fashe. Na shigo tsakiyar zauren, abin da ban taɓa yi ba a gaban maza, na ce duk su dubi ƙafar nan, su daina kallon bakinsa. Na ce suna zaune suna shan hira mutum yana ruɓewa a gabansu, in ya mutu su ne za su fi kowa cin shinkafar sadaka. Umma ta jawo ni ciki tana cewa in ji tsoron Allah in rage murya. Na je bayan rumbu na yi kuka har kaina ya yi ciwo, ina jiyo su sun ci gaba daga inda suka tsaya.

Ta uku mace ce. Ƙawata ta ce hannunta yana da kyau ƙwarai, har daga wasu jihohi ake zuwa wurinta. Na yi zaton Baba zai ƙi, sai ya ba ni mamaki. Ya ce mace ta fi tausayi, kuma wadda ta saba gyaran kaza ba ta ɓarnar nama. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, sai Baffa ya je.

Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mutanen unguwarta, har ni. Ga dattijo baƙo cikin babbar riga, ya kwana biyu yana zagaya layi, yana tambayar mai shayi 'yar gidan wa ce, yaya halinta, in ta yi fushi me take yi. Matar aure ce mai 'ya'ya huɗu. A rana ta biyu mai shayin ya ce masa ya ɗan jira, ya aika aka kira 'yan sintirin unguwa. Suka zaunar da Baffa a benci, aka kira mijinta. Mijin ya tambaye shi ko aurenta yake nema. Baffa, da gaskiyarsa, ya ce a'a, yayansa yake yi wa binciken. Allah ne ya kiyaye ba a taɓa lafiyarsa ba. Sai da ita likitar ta dawo daga aiki, ya yi bayani tun daga saran fartanya, sannan aka gane. An ce ta yi dariya har da riƙe mota. Da ta gama dariyar ta tambaye shi kwana nawa ke nan da aka ce a cire yatsan. Da ya faɗa mata sai fuskarta ta canja, ta ce ya koma yau ɗin nan ya kawo mata shi.

Baffa ya isar da saƙon, ban zarge shi ba. Baba ya ce ita kam ta ci bincike, babu abin da za a ce da ita. Amma da wane ido zai dubi mijinta? An riga an yi abin kunya, ba zai kai kansa gidan da aka ɗauka neman matar aure ya aika ba. Na duba ƙafar, layin ya wuce idon sawu.

Daga nan barkwancin ya fara ƙarewa. Zazzaɓi ya kama shi, abinci ya daina shiga, sallah sai a zaune. Masu dubiya suka rage daɗewa. Wata rana da hantsi na shiga na same shi shi kaɗai, ya yaye zanen da aka rufa wa ƙafar yana kallonta, yana taɓa layukan biron ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Da ya ji motsina ya yi maza ya rufe. A ranar na gane tsoro yake ji, tun ranar farko tsoro yake ji, binciken nan kuma shi ne abu ɗaya da ya iya wanda zai sa a jinkirta. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai ragu ba ko kaɗan.

Mijina ne ya zo da labarin na huɗu. Wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai likitan ƙashi a Kano wanda asalin iyayensa mutanen Rurum ne. Baba yana kwance, ido a rufe, sai ya ce wane gida a Rurum, Tsohon Gari ko Sabon Gari? Aka faɗa masa. Ya yunƙura ya tashi zaune. Ashe ya san kakan, kuma shekarun baya shi da kansa ya binciki wani baffan likitan lokacin da ya nemi wata 'yar gwaggonmu. Ya san mai shayin, ya san maƙwabcin bayan gida, ya san har ramin da suke ɗebo ƙasar gini. Ba a buƙatar aika kowa.

"A ba shi," ya ce.

Sati shida ke nan cif da saran da likitan Rano ya ce kada a bari sati ya wuce a kansa. Muka kwantar da shi a bayan mota, ni da Baffa, sai Kano.

Likitan nan ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi damina. Baba sai murmushi yake yana kallona, wato in ga abin da bincike ke haifarwa. Sannan aka kwance ƙafar. Likitan ya daɗe yana dubanta. Ya latsa nan, ya latsa can, ya sa aka ɗauko hoto. Ya jawo kujera ya zauna kusa da kan Baba, ya ce masa ba zai ɓoye masa ba, ƙafar ba za ta tsira ba. Sai an cire ta daga ƙasan gwiwa, kuma cikin kwana biyu, in ba haka ba maganar ta tashi daga ƙafa ta koma ta rai.

Yana juya takardunmu sai ya tsaya a kan ta siririn nan mai gilashi. Ya ce, "Ai wannan malamina ne. Shi ya koya mini aikin nan, har gobe in abu ya shige mini duhu shi nake kira. Baba, da kun tsaya ranar Alhamis ɗin nan, yatsa ɗaya ne."

Baba ya dube shi ya ce, "Da wane hannu ya koya maka?"

Likitan ya kalle ni, na sunkuyar da kai. A kwana biyun nan muka shiga duk ƙofofin da Baba ya raina, ta mai zuciya, ta mai suga, ta mai sa barci. Bai tambayi uban kowa ba.

An yi aikin da safe, an gama lafiya. Aka ba mu ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle a kwali, don a kai gida a binne. Baffa ya ce shi zai kai ta, ba zai yarda a sa ta a but ɗin mota ba, a cinyarsa ya riƙe ta har Rano. Ya ba ni labari daga baya cewa fasinjoji sun matsa masa da tambayar abin da ke ciki, har ya faɗa musu. Wani ya fara cewa "Allah ya jiƙan..." ya rasa yadda zai ƙarasa. Wata tsohuwa ta ce to Allah ya ba mai ita haƙurin rashinta, kowa ya ce amin.

Ni na zauna da Baba. Bayan la'asar maganin barcin ya gama sakinsa. Ya ɗaga kai ya dubi zanen gadon, inda gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya kwanta shafe tun daga gwiwa. Ya daɗe yana kallo. Na yi zaton zai yi wata maganar ban dariya, har na shirya fuskata.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Bahagon nan, yatsa ɗaya ya ce ko?"

"Ɗaya ya ce."

Ya mayar da kansa kan matashi, ya zuba wa silin ido. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na matso.

"Ke da kika yi boko, kika fi mu wayo. Me ya hana ki tare Baffanki a tasha, ki ce ya zo ya yi mini ƙarya?"

Na yi ihu a zauren maza, na yi kuka a bayan rumbu, na kira duk wanda na sani a waya. Amma in ce wa Baffa ya haɗiye kalma ɗaya, ya ce da dama mutumin yake rubutu, wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Tashar tana bayan makarantarmu, ta nan yake sauka duk dawowa. Na tsaya ina kallon hawaye na gangara masa ta gefen ido zuwa cikin kunne, ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Na ce bari in ɗebo masa ruwa, na fita baranda na tsuguna, na daɗe ban iya tashi ba.

Har yau ban samu amsar da zan ba shi ba, shi ma bai sake tambayata ba.